Darasi na Tara: Haushin Kare da Abin Wuya na Hana Haushi

Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato aka ba Lafiya matsayin babban birni, garin bai daina faɗaɗa ba. Wuraren da dattawa suka sani gonakin doya da rogo ne, ta wajen Bukan Sidi da Shabu da hanyar Makurɗi, yau duk gidaje ne. Zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara wa abin gudu. Mutum zai sayi fili a bayan gari, ya gina, ya tare da iyalinsa, ba maƙwabci kusa, ba fitilar titi, sai ya nemo kare ya riƙa yi masa gadi. Kafin ka ce kwabo an cike filayen da ke kewaye da shi, katanga ta haɗu da katanga, tagar ɗakin wani ta buɗe saitin inda aka ɗaure karen. Daga nan haushin da a da daji kaɗai ke ji ya koma abin da ke hana gida huɗu ko biyar barci.

A 'yan shekarun nan an fara ganin wata na'ura a shagunan kayan dabbobi da kasuwannin intanet irin su Jumia da Jiji. Ana ɗaura wa kare ita a wuya, masu tallarta kuma suna cewa tana yanke haushi nan take. A wannan darasi za mu ga yadda take aiki, da inda ƙarfinta ya tsaya, da abin da ya kamata a yi kafin a kai ga sayenta. Maganar ta shafi mai kare, ta kuma shafi wanda ko ganin kare ba ya son yi amma Allah ya haɗa shi katanga da mai shi.

Me ya sa yake haushi?

Daga kyarkeci kare ya samo asali, kuma ya yi aƙalla shekara 15,000 yana zaune da ɗan Adam. Kyarkeci ba kasafai yake haushi ba. Zama da mutane ne ya raya wannan ɗabi'a, domin tun fil azal an fi riƙe karen da ke sanar da masu gida zuwan baƙo ko motsin naman daji. Wato mu da kanmu muka zaɓi mai baki muka yi ta kiwonsa, don haka kada wanda ya kawo kare gida ya sa ran zai zauna da bebe.

Haushin kuma ba iri ɗaya ba ne. A 2005 masu bincike a wata jami'a da ke Budafes, babban birnin Hangari, sun naɗi muryoyin karnuka a yanayi daban-daban suka kunna wa mutane. Har waɗanda ba su taɓa kiwon kare ba sun iya rarrabe na ganin baƙo da na kaɗaici da na wasa. Ku ma za ku iya idan kuka kasa kunne. Na ganin baƙo yana fita da kauri, da sauri, a jere, galibi haɗe da gurnani, karen yana fuskantar waje ɗaya. Na kaɗaici da gundura siriri ne, yana yi yana tsayawa kamar mai jiran amsa, kuma shi ne ke kaiwa asuba. Na ciwo ko tsoro kaifi gare shi, yana gauraye da kuka.

Wanda maƙwabta ke ƙorafi a kansa yawanci na biyun ne, ruwa kuma ba ya tsami banza. Ku leƙa bayan gida ku ga inda aka ajiye karen. Sau da yawa za ku tarar da shi a kejin ƙarfe mai rufin kwano, ko a ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, kusa da janareta. Watan Maris ne, zafin Lafiya ya kai inda mutum ke fito da tabarma tsakar gida. Sarƙar ta zagaye kwanon ruwa ta kifar da shi tun da hantsi, ba wanda ya lura. Ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa har jini, kaska ta cika tsakanin yatsunsa da cikin kunne. Abincinsa ragowar tuwon jiya, in an tuna. Tun da aka kawo shi yana kwikwiyo bai taɓa taka waje ba. Wannan kare ba rashin kunya yake yi ba idan ya kwana yana haushi.

Irin karen ma yana da tasiri. Yanzu ana yayin manyan karnukan ƙasashen waje masu yawan gashi, wasu ana sayo su daga Jos. To amma Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ita kuwa Lafiya tana gangaren kwarin Binuwai. Karen da aka halitta don sanyin duwatsu, in aka kawo shi nan aka kulle a ƙarƙashin kwano, azaba yake sha dare da rana. Irin waɗannan karnuka kuma an yi su ne don aiki da zirga-zirga, ƙarfin da bai samu wajen fita ba ta baki yake fita.

Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba: ratar da ke ƙarƙashin get. Kare yana kwance yana ganin ƙafafun masu wucewa, da awaki, da tayoyin 'yan acaba. Ya yi haushi, mai wucewa ya wuce abinsa. A wurin karen, shi ne ya kore shi. Kullum sai ya ci wannan nasara sau ba adadi, kowace kuma tana ƙara masa ƙwarin gwiwa. Sai kuma lokacin da wata karya a unguwa ta shiga neman namiji, wanda galibi sau biyu ne a shekara, kowanne na ɗaukar mako biyu zuwa uku. A waɗannan kwanaki duk namijin da ke ɗaure ba ya zama lafiya.

Yadda na'urar take aiki

Ɗan akwati ne na roba mai girman kwalin ashana, a maƙale da bel, ana zaunar da shi a ƙasan wuya daidai maƙogwaro. A ciki akwai batir da abin da ke gane haushi. Wasu da ƙaramin makirfo suke ji, wasu da girgizar maƙogwaro, masu tsada suna haɗa biyun. Da zarar ta gane an yi haushi, sai ta yi wa karen abin da ba zai ji daɗi ba a cikin ƙiftawar ido, don ya ɗauka haushin ne ke jawo masa wahala.

Wadda aka fi sani ita ce mai jan wuta. Tana da 'yan ƙarafa biyu da ke ratsa gashi su taɓa fata, ta nan shokin yake bi. Yawancinsu suna farawa da ƙara ko ɗan ja kaɗan, in karen ya ci gaba sai ƙarfin ya riƙa hawa mataki-mataki. Ta biyu mai fesa turare ce: tana fesa wa karen wani ruwa mai ƙarfin ƙamshi a ƙasan hanci, wanda ake tatsa daga dangin ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sa wa shayi. Ta uku girgiza kawai take yi, ko ta fitar da siririyar ƙara. Kunnen mutum yana tsayawa ne a wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, na kare kuwa yana wuce 40,000, saboda haka ƙarar tana damunsa alhali mu ba ma jin komai.

Shin tana aiki? A wurin wasu karnuka tana rage haushi, wannan ba a musu. A 1996 likitocin dabbobi a Jami'ar Kwanel ta Amurka sun gwada mai turare da mai jan wuta a kan wasu 'yan karnuka, suka ga mai turaren ta fi rage haushi, masu karnukan ma sun fi na'am da ita. Wasu daga cikin karnukan sun yi ta haushinsu ana jan su da wuta. A 2001 wani bincike a Belfas ya nuna cewa mai turaren ma kare yana sabawa da ita, haushin ya riƙa dawowa sannu a hankali, musamman in kullum tana wuyansa. Sannan a 2020 masu bincike a Jami'ar Linkon ta Ingila sun kwatanta horo da abin wuya mai wuta da horo ta hanyar lada, wajen koya wa kare zuwa in an kira shi da zama in an ce ya zauna. Horon lada ne ya fi kyau.

Saboda irin waɗannan dalilai ne yankin Wels na Birtaniya ya haramta abin wuya mai jan wuta tun 2010. Jamus da Ostiriya da Denmak da Holan ma sun hana. Ba don Turawa sun hana ba ne za mu guje shi. Dalilan da ke gabanmu a nan Lafiya sun isa.

Na farko, na'urar ba ta san ɓarawo ba. Haushin da karen ya yi wa akuya da wanda ya yi wa mai haura katanga da ƙarfe biyu na dare duk ɗaya ne a wurinta, duka za ta hukunta. Mutumin da ya ciyar da kare shekara da shekaru don gadi, sannan ya saya masa abin da zai koya masa yin shiru in ya ga baƙo, ya biya kuɗi ne ya sallami mai gadinsa.

Na biyu, masu araha da makirfo suke aiki, makirfo kuma bai san muryar wa ya ji ba. Karen maƙwabci ya yi haushi, naka ya sha wuta. Aradu ta faɗi a watan Agusta, ko an buga get da ƙarfi, ya sha wuta. Dabbar da ake hukuntawa ba ta san laifinta ba takan zama matsoraciya ko mafaɗaciya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kare yana danganta zafin da abin da idonsa ke kai a lokacin. Idan yaran maƙwabta yake wa haushi duk sanda wutar ta ja shi, yana iya ɗauka yaran ne ke cutar da shi. Haushi da gurnani gargaɗi ne kare ke yi kafin ya kai cizo. In aka kashe gargaɗin aka bar fushin, an samu karen da ke cizo ba sallama, a gidan da yara ke shiga ɗauko ƙwallo.

Na uku, fata. Ƙarafan nan biyu suna danne wuri ɗaya. Masu ƙera na'urar da kansu suna cewa kada ta wuce awa 12 a wuya a rana, a riƙa gusar da ita, a riƙa duba wurin. A daminar Lafiya, daga Afrilu zuwa Oktoba, wuyan kare ba ya rabuwa da laima. 'Yan kwanaki kaɗan na sakaci sun isa wurin ya zama gyambo, ƙuda ya samu wajen zama, tsutsa ta shiga. Sai kuma ƙananan wahalhalu: caji a garin da wuta ke zuwa ta tafi, da ruwan turaren da in ya ƙare samun wani sai an aika Abuja ko Legas. Wasu karnukan ma suna gano cewa in suka dage da haushi tulun turaren zai ƙare, su huta.

Babban aibinta dai shi ne ba ta taɓa dalilin haushin. Kare mai ƙishirwa da aka sa wa abin wuya yana nan da ƙishirwarsa. Kamar direba ne da fitilar gargaɗin man inji ta kama masa, sai ya cire ƙwan fitilar ya ci gaba da tafiya.

Ra'ayin wannan littafi shi ne a bar mai jan wuta gaba ɗaya. Mai girgiza ko mai turare kuwa, in an gyara duk abin da za mu ambata a ƙasa kuma haushin bai ragu ba, ana iya gwadawa da shawarar likitan dabbobi, na ɗan lokaci, mai kare yana kusa. Ba a sa wa kwikwiyon da bai kai wata shida ba, ko kare marar lafiya, ko wanda tsoro ko kaɗaici ke sa shi haushi. Ba a ɗaura sarƙa a jikin bel ɗin na'urar. In karnuka biyu ne a gida, a haƙura da mai makirfo.

Akwai wasu dabaru da suka fi na'urar muni, kuma ana yin su. Ɗaure bakin kare da roba ko igiya yana iya kashe shi a yini ɗaya, domin da haki yake fitar da zafin jikinsa, ba ya gumi irin namu. Ba shi maganin barci ko tiramadol ko farasitamol na mutane yana iya lalata masa hanta ko ya tsayar da numfashinsa. Duka kuwa yana sa shi shiru ne kawai muddin mai sandan yana tsaye.

Abin da za a fara yi

A fara da lura. A samu kwana uku ko huɗu ana rubutawa, ko a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta: ƙarfe nawa ya fara, me ke faruwa a lokacin, ina yake kallo, yaushe ya daina. Sau da yawa takardar kaɗai za ta nuna amsar.

Sai a gyara masa zama. Inuwa ta gaskiya, ta bishiya ko rumfar da iska ke ratsawa. Ruwa a mazubi mai nauyi da sarƙa ba za ta kifar ba, ko a haƙa rami a zaunar da shi. Abinci sau biyu a rana a kan lokaci, na yamma ya fi yawa, domin cikin da ya ƙoshi ya fi saurin kwanciya. A kai shi asibitin dabbobi a duba kaska da tsutsar ciki da kunne. A toshe ratar ƙasan get da falanki ko tsohuwar taya, a kuma matsar da makwancinsa daga jikin katangar da ɗakin barcin maƙwabci yake. Waɗannan ba sa cin kuɗin kirki, amma sukan rage matsalar sosai.

Sai motsa jiki, wanda shi ne aka fi yi wa ƙyuya. Ku dubi karnukan mafarauta da na makiyaya: suna yini a daji, da dare sai barci, ba sa tashi sai da dalili. Rabin awa da sassafe da rabin awa da yamma, a riƙe da igiya, ya isa ya canza halin yawancin karnukan gida. In akwai katanga mai kyau, a sake shi cikin gida da dare maimakon ɗauri. Karen da zai iya zuwa ya shinshina abin da ya ji ya fi saurin yin shiru a kan wanda ke ɗaure yana jin motsi bai san na mene ne ba.

Daga nan sai koya masa kalma ɗaya, misali “shiru” ko “ya isa”. A zaɓi ɗaya, kowa a gidan ya riƙe ta. A tanadi 'yan gutsattsarin busasshen kifi marar ƙaya ko nama a aljihu. A sa wani ya ƙwanƙwasa get. Karen zai yi haushi, a bar shi ya yi biyu ko uku, aikinsa ke nan. Sai mai shi ya zo ya leƙa, don karen ya ga an amsa kiransa, sannan ya kai gutsuren kusa da hancinsa. Kare ba ya iya shinshina yana haushi. Da ya yi shiru sai a faɗi kalmar da murya a kwance, a ba shi nan take. Nan take ɗin shi ne sirrin: in aka jinkirta ya wuce daƙiƙa biyu, bai san abin da aka saka masa a kai ba. Gobe a ja shirun ya kai daƙiƙa biyar kafin a ba shi, jibi goma. Minti biyar sau biyu a rana ya fi awa guda a ranar Asabar. Bayan 'yan makonni kalmar kaɗai za ta wadatar, ladan ya koma jefi-jefi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne daka masa tsawa ta taga. A kunnen kare, maigida ma ya shigo cikin haushin ke nan, sai ya ƙara himma. Haka in yana haushi don a kula shi sai aka jefa masa ƙashi don a samu lafiya, an koya masa cewa haushi ne ke kawo ƙashi.

Haushin da ba a wasa da shi

Idan muryar kare ta canza farat ɗaya, ta dushe ko ta zama wata iri, a tsaya a kula sosai. Cutar haukan kare tana shanye jijiyoyin maƙogwaro, canjin murya kuma yana cikin alamominta. Sauran su ne dalalar da miyau, cizon duk abin da ya samu har itace da ƙarfe, kai hari ba dalili, ko kuma mai faɗa ya yi laushi baki a sake kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa neman ƙashin, kada kuma a matsa kusa don ɗaura masa wani abu a wuya. A rufe shi inda yake, a janye yara, a kira likitan dabbobi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ana iya tare ta kafin nan. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cikakku, sannan a tafi asibiti a ranar don allurai, ko da ciwon ƙarami ne. Ba a tsayawa neman gashin karen a ƙona a shafa. Karen da ya yi cizon kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, allurar mutum ba ta jiran wannan. Rigakafin kare ana fara shi ne yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a adana katin. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a irin wannan lokaci akan yi gangamin rigakafi, sai a kasa kunne.

Tsakanin maƙwabta

Lafiya gari ne na Bare-bari da Alago da Gwandara da Eggon da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista a layi ɗaya, wani lokaci a gidan haya ɗaya. Kallon da kowa ke yi wa kare daban ne, shi ya sa ƙaramar magana kan haushi take saurin juyewa ta zama ta addini ko ta ƙabila in ba a yi hattara ba. A wajen malaman Musulunci an yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, wasu malaman Malikiyya kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai bukata. Ana ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Hadisi kuma ya zo da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Haƙƙin maƙwabci kuwa, masallaci da coci duk suna wa'azi a kansa. Don haka mai kare yana ɗauke da haƙƙi biyu, na dabbar da na mutanen da ke kewaye da shi.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta haramta azabtar da dabba, akwai kuma ƙa'idojin hana hayaniya na ƙasa da aka fitar a 2009. Sai dai kafin a kai ga hukuma akwai matakai. Sau da yawa mai karen bai ma san girman abin ba, ko don ɗakinsa yana can gaba, ko don karen ya fi yi in ba ya nan. Ga yadda wani magidanci zai iya tunkarar dattijon da suke katanga ɗaya, bayan an gaisa an tambayi iyali:

“Baba, wata 'yar magana ce ta kawo ni, in ba za ka ga rashin kunyata ba. Karen nan namu ne duka, tun da aka kawo shi ɓarayi ba su sake shiga layin nan ba. Sai dai kwanan nan yana farawa tun sha biyun dare har kiran assalatu, ga mai ɗakina da jariri.”

“Ashsha! Wallahi ɗana ban sani ba, ni ɗakina yana ta gaba. Ta ina ka fi jin sa?”

“Ta bayan nan, Baba, inda aka ɗaure shi jikin katangarmu. Na ce ko za a gwada matsar da shi gindin mangwaron can, in ya so ni da yara mu taya aikin.”

Ku lura bai ce a kashe karen ko a sayar ba, ya faɗi lokacin da abin ke faruwa, ya kuma zo da shawarar da za a iya aikatawa a yini ɗaya. In an yi haka sau biyu ba canji, sai a sa mai gidan haya ko wani dattijon layi, daga nan mai unguwa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne jefa nama mai guba ta katanga. Laifi ne a doka, kuma shinkafar ɓera ko fiya-fiya ba su san kare ba: kaji suna ci, kyanwa tana ci, yaro mai rarrafe ma yana iya kai hannu.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko su bayyana da bakinsu yadda abin wuya mai jan wuta yake gane haushi, da hanyoyi biyu da zai iya hukunta kare ba da laifinsa ba. Na biyu su tsara abin da za su gaya wa ɗan'uwansu da ya zo da kuɗi a hannu zai sayi na'urar saboda karensa na gadi yana hana mutane barci. Na uku su kwaikwayi zuwa wurin maƙwabci, amma a wannan karon mai karen mace ce, bazawara mai zaune da 'ya'yanta, kuma karen ne kaɗai tsaronta.

A gida, kowa ya zaɓi kare ɗaya da yake jin haushinsa, nasa ko na unguwa. Ya rubuta lokacin da yake farawa da lokacin da yake dainawa har dare uku, da irin haushin, da abin da yake zaton ya jawo shi. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya zana agogo ya sa alama. Wanda ke da kare kuma ya zo da katin rigakafinsa mako mai zuwa, za mu koyi karanta kwanan watan da ke jiki da lissafa ranar allura ta gaba.